Jiniyar Baba Ba Ta Ganin Mai Ladabi

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Kafin in ɗora daga inda na tsaya, bari in amsa wa yarinyar nan da ta rubuto a ƙasan rubutuna na baya cewa wai shaci-faɗi nake yi, a zamaninmu babu na'urar kama ɓarawo. 'Yata, akwai. A zaurenmu take a Ƙanƙara, kuma saura ƙiris ta hana ni aure. In kin haɗu da tsofaffin unguwarmu ki tambaye su jiniyar Alhaji Gide, za ki ga sun kai hannu kunne tun kafin su ba ki amsa.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Suwaibatu, malamar firamare ce ni da ta yi ritaya, da tabarau nake danna muku wannan rubutu, don haka a riƙa yi mini uzuri. Abin da nake ba ku labari ya faru ne a shekarun da kuɗin mai ya malalo ƙasar nan, lokacin ƙarin albashin Udoji, lokacin da mai tallan goro kan kwanta ya tashi ɗan kwangila. Babana yana cikinsu. Da can dawa da masara yake saye yana kaiwa Funtuwa, sai ga shi ana ba shi aikin kwalbati daga Faskari har Sabuwa. Ya rushe tsohon zaurenmu ya yi na siminti, ya fitar da sito a jikinsa, ƙofar siton tana cikin zauren. A nan yake ajiye kayan aikinsa, a nan kuma ya fara tara mini kayan ɗaki tun ban fitar da miji ba: gado mai rumfa, jeren samira, kumbo, da keken ɗinki sabo dal mai ƙafar ƙarfe.

Wata rana ya dawo daga Kaduna da wani akwati mai ruwan toka, da wani ɗan ido na gilashi, da ƙaho irin na masu tallan magani. Aka kafa idon a saman bangon zaure, aka ɗora ƙahon a kan soro, aka jona su da batirin gingimari. Baba ya tara mu ya yi mana bayani cewa wannan ido ba ya gyangyaɗi, ba ya karɓar goro, duk abin da ya motsa a gabansa sai ya kwarma ihu. Ya cire kwaɗon da yake kulle sito da shi ya datse akwatin da shi don kada wani ya kashe, ya jefa makullin a aljihu. Kwaɗo a ƙofa, in ji shi, aikin wanda bai waye ba ne. Da Inna ta ce ko za a riƙa kashe jiniyar da rana tunda zauren ne hanyar kowa, sai ya ce bai sayo ta don ta yi barcin rana ba.

Ranar farko da ta yi kuka, garin Ƙanƙara kaf ya taho ƙofar gidanmu, masu sanda da masu taɓarya, har da wani maharbi da bindigar toka. Aka dudduba, aka iske kaza ce ta shigo tsintar tsaba. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya raba goro. Da yamma ta sake yi, aka sake zuwa, aka iske ni ce na dawo daga makaranta. Kafin mako ya zagayo mutane sun daina zuwa, sun koma tsaki daga cikin gidajensu. Kajin Inna suka daina ƙwai. Liman ya aiko a gaya wa Baba cewa jama'a na rikicewa a lissafin raka'a. Baba ya ce ai shi ma ci gaba haka yake, sai an saba.

Ni kuwa ta fi ci wa tuwo a ƙwarya, don a zauren nan ake zuwa zance wurina. Akwai wani malamin gona da ya fara zuwa a kan basfa, ya sha ƙananan kaya yana ƙamshi. Ƙafarsa ɗaya ya sa a zaure jiniya ta ɗauka, ya juya da gudu ya bar mana takalmi wari guda, har na yi aure bai dawo ɗauka ba. Na biyu ya yi ƙarfin hali ya zauna, sai dai duk sanda ya ɗaga hannu zai yi mini bayanin yadda yake ji a ransa sai abin ya ɗauka, muka ƙare da kallon juna kamar kurame. Daga nan kasuwata ta watse.

Wadda wannan ya yi wa daɗi ita ce Goggo Dada, yayar Baba, wadda ke zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta. Tana da ɗa Sha'ibu da ke noma a Ruwan Godiya, kuma ta daɗe tana yi mini sha'awarsa. Sha'ibu ba shi da aibu, Allah ya sani, sai dai tun ina goye nake ce masa Yaya, kuma duk hirarsa ba ta wuce taki da tsutsar masara. Safe da yamma Goggo na lissafa mini sa'o'ina da suka yi aure, da waɗanda suka haihu, da waɗanda suka yaye. Baba dai ya ce shi ba ya yi wa 'yarsa dole, amma kada kaka ta wuce ban nuna masa mutum ba.

Da ƙorafi ya yi yawa aka ce a kira Harisu mai gyaran rediyo daga Ƙetare. Masu karatu, ku bar ni in tsaya a nan in ja numfashi. Dogo ne, wankan tarwaɗa, ya tara suma ya soka mata matsefi, ga wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa yana sharar ƙasa, ga takalmi mai tudu. Ya iso a kan babur da jakar kayan aiki a baya. Inna ta ce in kai masa ruwa. Na ɗaura atamfata mai zanen tsuntsaye, na kafa ɗaurin da ake yayi, na ɗan shafa turare, duk don kai ruwa. Yana kan tsani ya sunkuyo ya karɓi kwanon, jiniya na ihu a kanmu, ni dai na ga bakinsa ya motsa na ce amin.

Harisu bai taɓa ganin irin wannan na'ura ba, kuma bai ɓoye ba. Zama yake yi a ƙofar zaure ya zuba mata ido, in ta yi kuka ya tashi ya nemi abin da ya tsokane ta. Ya gano asabarin ƙofar cikin gida na kaɗawa in iska ta taso, ya sa aka cire. Ya share yanar gizo da ta lulluɓe idon. Ya kori wata tsaka da ta mayar da bayan akwatin ɗakinta saboda ɗumi. Ya roƙi a daina ajiye fitilar ƙwai a ƙarƙashin idon, ya kuma lallaɓa Goggo ta daina ratsawa da kaskon turaren wuta, don a cewarsa abin har zafi yake ji. Kukan ya ragu, amma bai daina ba. Ni kuma ban so ya daina da wuri ba, gaskiya ɗaya ce.

Ku yanzu kuna da waya, saurayi na kwance a ɗakinsa yana turo muku fure. Mu kaset muke da shi. Wata rana Harisu ya dawo da rikodar Baba da ya gyara, ya miƙo mini ya ce in gwada in ji ko tana cin zare. Na shige ɗaki na tura ƙofa na danna.

“Gwaji ni ke yi, ɗaya, biyu. Malama Suwaiba, ni ne Harisu. Tun ran da kika kawo mani ruwa ina bisa tsani ban ƙara ɗaure waya daidai ba. In kin ji wanga saƙo bai yi maki ba, ki goge, ki ce rikoda ce ta cinye.”

A bayan muryarsa ba abin da ake ji sai kukan zabin mahaifiyarsa, kamar ana biki. Na maimaita kaset ɗin har batir ya yi sanyi, muryarsa ta koma ta tsoho. Na juya ɗaya gefen na ɗauki tawa amsar, na ce rikoda lafiyarta ƙalau, ba ta cinye komai ba. Daga ranar rikodar Baba ba ta ƙara yin mako ba ta lalace ba.

Da magana ta kai kunnen Baba, ya kira Harisu zaure. Ina laɓe a bayan ƙofa.

“Ni ba ni hana ɗiyata wanda ta ke so,” in ji Baba. “Amma mutumin da ya kasa sa akwati shiru, ina zai iya da gida? Ka gyara ta. In ta ƙara kuka a banza kahin magabatanka su zo, ka ce masu kada su wahalshe da kansu.”

To, abin da ya rage yana tayar da jiniyar shi ne Kyalla, akuyar Goggo. Goggo ba ta ɗaure Kyalla. Ta ce tun da aka haife ta igiya ba ta taɓa wuyanta ba, kuma ba za a fara saboda wani akwatin Nasara ba. Da ta ji sharaɗin Baba kuwa, sai ta koma zuba wa Kyalla dusa a tsakiyar zaure. Na yi kuka, na daina cin tuwo, Goggo ta ce ai Ruwan Godiya ma akwai tuwo.

Harisu ya yi ta juya abin a ransa har dabara ta faɗo masa. Ya zo da harawa ya ɗaga sama, Kyalla ta miƙe da ƙafafun baya tana miƙo wuya, ya sa alli ya ja layi a bango daidai inda ƙahonta ya tsaya, ya zagaye zauren da shi. Sannan ya hau tsani ya liƙe rabin idon na ƙasa da baƙin salatif, ya ɗan ɗaga fuskarsa sama. Ya ce daga yau duk abin da ke ƙasa da layin nan ido ba ya ganinsa, akuya ce ko kaza ko ƙadangare. Mutanen gida kuma sai su riƙa duƙawa in za su wuce.

Ashe bai ma buƙaci faɗa ba. Mu mata dama ba ma ratsa zauren Baba a miƙe. Yara ba su kai layin ba. Baƙi kuwa tun daga bakin ƙofa suke tuɓe takalmi su tsuguna, su shigo suna jan jiki suna ranka shi daɗe. Zaure ya yi tsit. Mutane suka fito ƙofar gidajensu suna tambayar ko lafiya. Da la'asar Baba ya dawo, ya sha babbar riga da hula mai tsini, ya shigo zaurensa a miƙe kamar yadda ya saba, jiniya ta ɗauka.

Na ga Harisu ya yi fari fat. Baba ya tsaya yana huci har abin ya gaji ya yi shiru. Allah ya saka wa Inna da alheri, daga bayan ƙofa ta ce, “Alhaji, ai gaisuwa ce. Ba ka ga gwamna ma sai da jiniya ya ke shiga gari ba?”

Baba ya juya. Ya fita waje ya sake shigowa, ta sake yi. Ya sa direbansa ya shigo, direba ya shigo a duƙe don ladabi, ba ta ce uffan ba. Baba ya sake fita ya shigo, wannan karon a hankali, yana gyara hannun riga. Ranar har kyautar shadda ya yi wa Harisu, ya ce yaron nan ya koya wa akwati sanin manya. Harisu ya buɗe baki zai yi bayani, na harare shi ta kafar ƙofa, ya rufe.

Nan da nan gari ya gane karatun. Leburorin Baba da masu neman aiki da masu neman taimako da maroƙa suka daina zaman jira a ƙofar gida. Kowa na harkarsa, da an ji jiniya sai a ce Alhaji ya dawo, a kwaso da gudu. In an ji shiru an san ba ya nan. Mu dai muna ta murna, ba wanda ya kawo a ransa cewa ba masu neman alheri kaɗai ke da kunne ba.

Ranar da magabatan Harisu za su zo, Baba ya tafi Faskari duba aiki tun da safe, ya ce zai dawo da la'asar ya tarbe su. Na sha lalle, na sa leshina ruwan hoda, ko da yake na san ba wanda zai gan ni. Goggo ta ɗauki tabarma ta shimfiɗa a zaure ita da Kyalla, ta ce za ta ga irin mutanen da Ƙetare ke fitarwa.

Bayan azahar sai ga wani mutum ya yi sallama da murya mai sanyi. Na leƙa. Farin kaftani tas, hula a karye, tun daga waje ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Ban taɓa ganin mai ladabi irinsa ba. Ya gaida Goggo, ya gaida gajiyarta, har Kyalla sai da ya yaba. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce Alhaji ne ya aiko a kwashe kayan ɗakin da ke sito.

Goggo ta gyara zama. “Ruwan Godiya za a kai su halan?”

“Nan ne, Hajiya,” in ji shi.

Goggo ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala, ta ce dama ta san ƙanenta ba zai ba ta kunya ba. Ta ƙwala wa Inna kira a damo wa baƙo fura. Ni kuwa na ja da baya daga ƙofar. Na zauna a ƙasa da leshina na fashe da kuka, don Baba mutum ne da kan fita da shawara ɗaya ya dawo da wata. Inna ta ce ita bai gaya mata komai ba, amma yaushe ya taɓa gaya mata.

Mutumin ya shiga aiki. Ya ɗauko samira ya fita da ita a tsugune, yana tafiya irin ta agwagwa, ya kai wata akori-kura da ke fake a bayan katanga, ya dawo a tsugune. Ya kwashe kumbo, ya kwance gado ya fitar da shi ƙarfe-ƙarfe, ko sau ɗaya kansa bai haura layin alli ba. Goggo na ta sa masa albarka, tana cewa 'ya'yan yanzu su zo su ga tarbiyya. Da ya zo zai yi sallama ita ce ta ce, “Ɗan nan, ga keken ɗinki can a lungu, kada ka mance.”

Ya dubi ƙofar fita, sai dai kwaɗayi ya rinjaye shi. Ya koma ya kinkimo keken a gadon bayansa, ƙarfe ne zalla, ya nufo ƙofa a tsugune. Daidai nan aka yi sallama. Magabatan Harisu ne suka iso da wuri, kawunsa Malam Maharazu a gaba, dattawa na biye da shi. Shi Harisu al'ada ba ta ba shi shiga ba, yana can gindin bishiyar bedi da babur ɗinsa. Dattawan suka tuɓe takalma suka tsuguna a bakin ƙofa suka toshe ta. Da suka ga mutum da farin kaftani yana hidima a cikin gida, sai suka ɗauka ɗan'uwan Alhaji ne.

Duk Ƙetare an san Malam Maharazu da gaisuwa, har ana cewa in ka gamu da shi a hanyar gona ka haƙura da aikin ranar. Ya fara da gajiya, ya shiga iyali, ya gangara damina, ya tambayi shanu, ya tambayi masu jiki, ya yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu bara da ba su samu zuwa ba. Mutumin na amsawa lafiya lau, keke na danne shi. Da Malam ya gama na kusa da shi ya ɗauka daga farko. Ina kallo ta kafar ƙofa gumi na ɗiga daga haɓar bawan Allah nan, gwiwoyinsa na kaɗawa. Ya ce a ɗan ba shi hanya, Goggo ta ce haba ɗan nan, kai da na gama yabo, a bari manya su gama mana. Da gaisuwa ta zagayo kan Malam Maharazu sai ya ce a ɗaga hannu a yi addu'a, ya kamo ta tun daga kakanni.

A tsakiyar addu'ar jijiyar ƙafar mutumin ta ɗaure. Ya yi wata ƙara, ya miƙe tsaye zumbur da keke a baya. Jiniya ta ɗauka.

Kafin a shafa fatiha ƙofar gidanmu ta cika. Alhaji ya dawo, Alhaji ya dawo. Leburori da masu neman taimako suka danno, wani maroƙi ya fara zuba kirarin Baba a kan ɓarawo. Mutumin ya nemi hanya ya rasa. Shugaban leburorin Baba ya ƙare masa kallo ya ce shi bai san wannan fuskar a cikin yaran Alhaji ba, aka riƙe shi. Direban akori-kura kuwa tun kukan farko ya ba mota wuta, ya tafi da gadona da samirata, har yau ban ƙara jin labarinsu ba.

Ana cikin haka fijon Baba ta tsaya. Tun daga bakin gari ya jiyo jiniyarsa tana gaida wani. Ya ratsa taron ya shiga, ta yi masa tasa gaisuwar, bai ko kula ba. Ya zauna a kujerarsa. Aka yi masa bayanin sito, aka nuna masa ɓarawo, Goggo na gefe tana cewa ita dai har yanzu ba ta ga mai ladabinsa ba. Baba bai tambayi gado ba, bai tambayi samira ba. Ya sa aka tafi da mutumin wurin 'yan doka, aka kore taro, ya ce a kira masa Harisu.

Harisu ya shigo ya tsuguna kusa da kawunsa. Zauren ya yi tsit, kowa na ƙasa da layi.

“An ce mani gaisuwata ta ke yi,” in ji Baba. “Yau ba ni gida ta gaida wani. To ɗayan biyu ne. Ko dai ta yi kuka a banza, alkawarinmu ya tashi. Ko kuwa ni da ɓarawo ɗaya mu ke a wurinta. Wanne ne?”

Masu karatu, na san Harisu. Ba ya iya ƙarya, ko rediyo aka kawo masa ya ga ba za ta gyaru ba sai ya faɗa. In ya ce a banza ta yi, ya rasa ni. In ya faɗi gaskiya, ya haɗa surukinsa da ɓarawo a gaban baƙi, ya rasa ni. Na ga ya sunkuyar da kai, na san gaskiyar ce ke tahowa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma a lokacin na tabbatar ina son mutumin nan fiye da yadda nake jin kunya.

Na ja mayafina na rufe kai, na tura ƙofar. Inna ta kamo bakin zanena, na zame. Tun da na yi wayo ban taɓa shiga zauren Baba a miƙe ba, balle a gaban waɗanda suka zo neman aurena. Na shiga a miƙe, na taka har tsakiya. Jiniya ta ɗauka a kaina. Malam Maharazu ya kau da fuska, Goggo ta dafe ƙirji tana salati. Na tsaya cak har ta gama ta yi shiru, sannan na durƙusa.

“Baba, ni ma ta yi mani,” na ce. “Ba ta san ɓarawo ba, ba ta san maigida ba. Wanda ya miƙe kawai ta ke gani.”

Baba ya dube ni. “Ke kuma mi ya miƙar da ke?”

“Na ga zai rasa ni don bai iya ƙarya ba.”

Kyalla ce kaɗai ke motsi, tana cin gefen tabarmar Malam Maharazu, shi kuma kunya ta hana shi korarta. Can Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin nan da ba wanda ya taɓa gani tun ranar da aka kafa akwatin. Ya miƙe, ta ɗauka, ya buɗe kwaɗon ya danna wani abu, kukan ya yanke a tsakiya. Sai ga shi muna jin kukan kurciya a kan soro, ashe tana nan duk watannin nan.

Ya juyo ya ce wa Malam Maharazu shi dai ya ba su aurena. Hawaye suka zubo mini, na ji Inna ta sauke ajiyar zuciya a bayan ƙofa. Malam ya ɗaga hannu zai kamo wata addu'ar, Baba ya ce ya dakata, bai gama ba.

“Kayan ɗaki ɓarawo ya tahi da su, saura keke. Ɗiyar Alhaji Gide kuwa ba ta shiga ɗakin miji haka nan. Harisu, ɗauko tsani ka kwance ta, tana cikin kayan ɗakinta. Bisa ƙofar amarya za ka kafa ta, ka ɓare salatif ɗin nan, tunda matarka mai miƙewa ce.”

Harisu ya ce ya gode. Goggo ta yi dariyarta ta farko a ranar. Baba ya mayar da kwaɗon ya datse, ya jefa makullin a aljihunsa, ya ce ranar tarewa shi da kansa zai zo Ƙetare ya kunna ta.

Ina durƙushe a nan, da lallena da hawayena, sai kaset ɗin farko ya faɗo mini a rai, da abin da ake ji a bayan muryar Harisu. Mahaifiyarsa ba ta ɗaure komai ita ma, kuma zabinta a ƙofar ɗakin da za a kai ni suke wuni.